Kwanon 'Yar Inno

Talata, 1 ga Sha'aban, da hantsi

An ga wata jiya. Azumi ya ƙarato, ga shinkafa shanshera buhu-buhu a zaure, kowa so yake a turara masa tasa kafin watan ya kama. Tun asuba muke gaban wuta ni da matan ƙungiyarmu ta masu turara shinkafa. Sai yanzu na samu na zauna.

Yau ma na tsaya ina kallon abin nan. 'Yar Inno ta fito wanka ta zauna bakin gado tana canza masa wuri, daga dama zuwa hagun cikinta. Bai wuce girman kwalin ashana biyu ba. Wani siririn zare kamar gashin masara ya fito daga jikinsa ya shige ƙarƙashin fata, shi ke nan. Dare da rana yana ɗiga mata insulin, ɗigon da ido ba ya ko gani. Famfo suke ce masa a asibiti. Inno ta ce ita rediyo ta sani, kuma har gobe "rediyon Nafisa" take kiran sa.

Tun tana 'yar shekara tara take da ciwon suga, irin na yara, wanda sai da allura. Yanzu tana aji biyu na babbar sakandare. Cinyoyinta duk sun yi tabo saboda sukar allura. Da damina asibitin da muke zuwa a Kano suka zaɓi yara kaɗan suka saka musu famfon, tana cikinsu. Kafin a girbe shinkafa, yarinyar da ake ƙirga haƙarƙarinta ta ciko, kumatu suka fito, fata ta yi sheƙi. Allah mai iko. Ashe abin da ke tsakanin ɗan Adam da kabarinsa bai kai ɗigon raɓa ba.

Ita ce ta fari a wurina, ba na kama sunanta, ko a takarda hannuna ba ya yarda, sai dai in maganar wani nake kwafowa. Inno, mahaifiyar Malam, ita ta goye ta, shi ya sa nake ce mata haka.

Alhamis, 3 ga Sha'aban, bayan azahar

Ta tashi da azumi yau. Litinin ma ta yi. Malam ya dawo daga ban-ruwan tumatir ya ji labari, ya ce, "Ma sha Allah. Yarinya ƙarama tana riga manya." Har ya saya mata dabino.

Na ce mata ai likita ta hana. Ta ce, "Umma, wancan lokacin allura ne. Famfon ya san komai, da kansa yake daidaitawa."

Ta fi ni sanin abin.

Asabar, 5 ga Sha'aban, da la'asar

Da nake wanki na tarar da fil a ƙugun siket ɗinta na makaranta. An ninke shi an soke. Siket ɗin da muka buɗa wajen tela bayan babbar sallah saboda ya matse ta.

Ta daina ci da mu. Takan ɗauki kwanonta ta ce karatu take yi, a ɗaki za ta ci. Kwanon yana dawowa a wanke, har a goge.

Akuyar Inno ta yi ɓul-ɓul kwanan nan. Ɗazu ta fito daga bayan ɗakin yara, na ga miyar kuka a gemunta.

Litinin, 7 ga Sha'aban, da safe

Tururuwa sun dawo makewayi. Rabona da ganin su sun yi layi a wurin nan tun shekarar da ciwon ya fara, lokacin da ban san zaƙi suke bi ba.

Litinin, da yamma

Ruwan randa ya ƙare tun kafin la'asar. Mai azumi ce wai.

Laraba, 9 ga Sha'aban, da hantsi

Ina shara a ɗakinsu bayan sun tafi makaranta na ji wani ɗan kuka, tsit, tsit, kamar na ɗan tsako. Na bi shi har cikin jakar kayanta. Famfon ne, an naɗe shi a tsohon ɗankwali.

Na daɗe riƙe da shi a tafin hannuna. Ba shi da nauyi. Fuskarsa tana haske, yana ta kira, ba wanda ya amsa. A bakin zaren akwai ɗigo ɗaya, ya taru, ya ƙi faɗuwa. Na kai shi bakin taga rana ta ratsa shi. Wannan ne fa. Wannan ɗan abin ne ya dawo mini da ita. Ga shi a hannuna, ita kuma tana can aji, jikinta babu komai.

Na mayar da shi yadda na gan shi.

Laraba, bayan la'asar

Ta dawo tana jan ƙafa. Ta shiga ɗaki, ta fito, na ga tudunsa a ƙugunta ƙarƙashin riga.

Na ce, "Ba ki yi mantuwa yau ba?"

Ta ce, "A'a, Umma."

Ta dube ni, na dube ta. Leɓunanta sun bushe sun tsage. Ni ce na fara sunkuyar da kai.

Malam yana Kwanar Gafan, ana lodin kwandunan tumatir, sai gobe. In ya dawo zan faɗa masa. Ina ta juya maganar a bakina, ban samu inda zan kamo ta ba.

Alhamis, 10 ga Sha'aban, da yamma

Muna asibiti a Kano. Tana numfashi.

Juma'a, 11 ga Sha'aban, da hantsi

Bari in rubuta.

Jiya ba ta je makaranta ba, ta ce cikinta. Ta yi amai da safe, ta sake. Ina tsakar gida ina baza shinkafa a kan tamfol, ta fito za ta randa. Numfashinta na fara ji kafin in gan ta, yana fita daga can ƙasa, fuu, fuu, kamar zugazugin maƙeri. Ta wuce ta gefena na ji wani wari a bakinta, irin na mangwaron da ya nuna ya zarce. Ba ta kai randar ba. Ta durƙusa a kan shanyar, sai ta kwanta a hankali kamar mai jin barci, ƙwayoyin shinkafa suka manne mata a kumatu.

Inno ce ta yi salati, matan ƙungiya suka rugo. Aka kira Malam a waya, ashe yana hanya. Ya shigo da taɓo a ƙafa, bai tambayi kowa komai ba, ya sungume ta. Motar da ta sauke shi ita ta juya da mu.

A baya na zauna, kanta a cinyata. Rabon da in ɗora ta a cinya tun yaye. Babu nauyi. Ƙasusuwan kafaɗarta suna sukata ta cikin zani. Ina ta tunanin yaushe duk wannan naman ya tafi, ina ina.

Muna hawa titin Zariya idanunta suka juye. Na girgiza ta, shiru. Inno ba ta cikin motar, babu mai kira. Sai na ji bakina ya kira ta. Da sunanta na yanka, da ƙarfi, har direba ya taka burki. Malam ya waiwayo ya dube ni, ya mayar da kansa. Ita kuma ta buɗe ido ta ce, "Na'am," kamar daga cikin rijiya.

Ban san sunan yana da daɗin faɗa haka ba.

A asibiti suka karɓe ta da gudu. Ruwa a wannan hannu, insulin a wancan. Likita Baraka, wadda ke duba ta tun tana ƙarama, ta ce idan jiki ya rasa insulin yakan juya ya fara cin kansa, jini ya yi tsami, shi ne wannan numfashin. Ta ce mun zo a kan gaɓa.

Yau da safe na gan ta da idona tana dawowa. Idanun da suka faɗa suka ciko. Harshe ya jiƙe. Numfashin ya kwanta kamar ruwan kanal na ban-ruwa in an rage ƙofa. Ruwa da gishiri da ɗan ɗigo, a cikin leda, rataye a ƙarfe. Allah mai iko. Na ga an shuka, na ga an girbe, na haihu sau huɗu, ban taɓa ganin rai yana komawa mazauninsa ina kallo ba.

Asabar, 12 ga Sha'aban, bayan azahar

Likita Baraka ta kira mu ofishinta, ni da Malam. Malam ya riga ta magana. Ya ce, "Likita, injin ne ya lalace ko? In canzawa ne a canza."

Ta ce, "Malam Usaini, famfon lafiyarsa ƙalau."

Fanka tana juyawa. Likita ta dube ni, na san ta gane na sani.

Daga nan ta yi magana a hankali. Ta ce ba 'yarmu kaɗai ba ce. Ta ce akwai wani ciwo na biyu da kan hau kan na farko, musamman ga 'yan mata masu tasowa, har da samari: yaro ya tsani abinci, ya tsani jikinsa, ya riƙa guje wa maganin da ke raya shi saboda yana ganin shi ke sa shi ƙiba. Ta ce, "Ba iskoki ba ne, ba taurin kai ba ne, ba kuma rashin godiya ba. Ciwo ne, kuma yana kisa. Amma ana warkewa. Abu ɗaya nake roƙo, kada a yi mata faɗa."

Malam ya ce, "Azumin nan da take yi fa?"

Bai jira amsa ba. Ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar, ya ce zai je masallaci. An riga an yi sallah.

Lahadi, 13 ga Sha'aban, da hantsi

An kawo mata kunun gyaɗa. Ta riƙe kofin tana kallo har ya huce. Na ja kujera kusa. Ban ce ta sha ba.

Ita ta fara. Ta ce, "Umma, ke in kin ga tuwo me kike gani?"

Na ce tuwo mana.

Ta ce, "Ni ban taɓa ganin tuwo ba tun ina 'yar tara. Lissafi nake gani. Malmala ɗaya kaza ce, in danna kaza. Rabin ƙosai kaza. Rake, kada ma a fara. In na ci lambar suga ta hau, na yi laifi. In ta sauka, na yi laifi. Kowa yana cin abinci, ni jarrabawa nake rubutawa sau uku a rana."

Shekarun nan duka muna kwano ɗaya, ina ganin tana motsa leɓe kafin ta kai loma, na ɗauka bisimilla take yi.

Ta ce da aka saka famfon ta ji daɗi, ta huta da allura. Sai jiki ya fara cikowa. A makaranta suka sa mata suna, ba ta faɗa mini sunan ba. Wata ta ɗauke ta hoto ta baya aka riƙa turawa a waya. In sun fita wasa abin yana leƙowa ta ƙugu, a ce ga mai caji ta zo. "A gida kuma kowa ya shigo sai ya ce kai, Nafisa an yi ƙiba. Inno kullum sai ta ce na zama tulu, wai ƙofa za a faɗaɗa."

Na ce, "Murna ce fa. Wasan kaka ne."

Ta ce, "Na sani, Umma. I know. Amma akwai wata murya a kaina, ita ba ta san wasa ba."

Na tambaye ta ko ba ta ji tsoro ba. Ta ce kullum tana ji. Ta ce takan ce yau ce ta ƙarshe, gobe za ta bar shi a jikinta, sai gari ya waye muryar ta riga ta tashi.

Ta sha kurɓi uku ko huɗu, ta ajiye. Na ɗauke kofin ban duba cikinsa ba, sai da na fita.

Ina ta mamaki. Yarinyar da ke kwana bango ɗaya da ni, ashe akwai wata ƙasa guda a cikinta, da yaƙinta da komai, ni ko ƙarar ban ji ba. Haka kowa yake yawo ke nan? Matar gadon kusa da mu, da mai shara, da Malam?

Litinin, 14 ga Sha'aban, da yamma

An mayar mata da famfon. Ita ta saka da hannunta. Ta juya fuska bango.

Talata, 15 ga Sha'aban, bayan azahar

Likita ta turo mana baƙuwa. Sumayya sunanta, daga Dawakin Kudu, ba za ta wuce ashirin da biyar ba, da goyo a baya. Ta gaishe ni har ƙasa, ta zauna bakin gadon, ta ɗaga gefen rigarta. Ga shi nan a ƙugunta, irinsa sak.

'Yar Inno ta tashi zaune. Ba famfon take kallo ba, jaririn take kallo. Ta ce, "Naki ne? Ke kika haife shi?"

Sumayya ta yi dariya ta ce, "To da aro na yi?"

Ta kwance shi ta miƙa mata. Sannan ta buɗe jaka ta fito da ɗanwake a roba, ta danna maɓallanta ba tare da ta ɓoye ba, ta ce ta yini ba ta ci komai ba, a yi mata haƙuri. Ta ci da mai da yaji, tana ci tana hira. Ba ta ce wa kowa bisimilla sau biyu ba.

Na ba su wuri na fita baranda. Abin da na tsinta kaɗan ne. Na ji Sumayya tana cewa, "Sau biyu aka kawo ni ɗakin nan kamar ke. Na biyun idona na hagu ya tafi da rabin ganinsa, bai dawo ba." Can kuma na ji ta ce, "Muryar? Tana nan. Sai dai yanzu ta zama kamar maƙwabciya mai surutu. Ina jin ta, ba ita ke dafa mini abinci ba."

Da za ta tafi na raka ta har bakin ƙofa. Na kama hannunta ina juyawa. Hannu ne kamar na kowa, da lalle a yatsu. Mutum ya je bakin ramin nan sau biyu, ya dawo, ya yi aure, ya haihu, ya hau mota da robar ɗanwake don ya zauna da 'yar wasu. Allah mai iko.

Alhamis, 17 ga Sha'aban, da la'asar

Mun dawo gida. Alkama ta yi kore shar a gefen hanya, kamar ba abin da ya faru.

An ba mu sharuɗɗa. Ba ci a ɗaki. In zauna da ita har ta gama, da bayan ta gama. Duk mako mu koma, akwai wata likita mai sauraron damuwa da za ta riƙa gani. Kuma kada kowa ya sake yi mata maganar jiki, ko ta rame ko ta yi ƙiba.

Malam ya tsaya a tsakar gida gaban matan ƙungiya da 'yan sannu, ya ce, "Wanda ya zo duba ta ya ce ya jiki, ya yi addu'a, ya tsaya nan." Ban taɓa jin ya yi wa mata magana haka ba.

Asabar, 19 ga Sha'aban, da rana

Ta ture kwanon, shinkafa da wake suka watse a tabarma. Ta ce, "Gadina kike yi? Fursuna ce ni?" Ta ce da mun bar ta a kan shanyar. Ta faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba.

Na kwashe, na zubo wani. Na zauna. Hannuna yana ƙaiƙayi, na danne shi a ƙarƙashin cinya. Wuta ta mutu a murhun turara, na ji matan suna kira na, ban tashi ba.

Inuwa ta bar mu ta koma jikin katanga kafin ta ci rabi. Tana ci tana kuka. Ta danna maɓallan a gabana, ta juyo mini fuskarsa don in gani.

Lahadi, 20 ga Sha'aban, da safe

Ta ci koko da ƙosai biyu. Ba kuka.

Lahadi, da yamma

Kuka.

Litinin, 21 ga Sha'aban, bayan la'asar

Inno ta kira ni ɗakinta. Tana zaune tana dama fura, ta ce, "Indo, kowa a gidan nan yana tafiya kamar a kan ƙwai. Usaini ya ƙi gaya mini. Me ke cin jikata?"

Na gaya mata abin da zan iya. Na yi ƙoƙarin tsallake wani wuri, amma tsohuwa ce, ta ga inda na tsallake. Ta ce, "Har da ni ke nan." Na ce ba ita ba ce, abubuwa ne da yawa suka taru. Ludayin ya tsaya a hannunta.

Ta ce, "A rugarmu in maraƙi ya yi ƙiba, waƙa ake masa. Shekara bakwai ina roƙon Allah ya sa mata nama."

Da yamma 'Yar Inno ta wuce ta ƙofarta, na ga bakin tsohuwar ya buɗe da tsokanar da ya saba, ya rufe. Sai ta ce, "Nafisa, zo ki tsefe mini kai." Suka daɗe a haka.

Alhamis, 24 ga Sha'aban, da yamma

Mun je Kano. Sun sa ta hau ma'auni da baya don kada ta ga lambar. Ta shiga wurin likitar damuwa ita kaɗai, ta fito ido ja, amma a mota ta jingina da kafaɗata.

Likita Baraka ta ce babu azumi bana. Ko na yini ɗaya. Ta ce ba don sugan kaɗai ba, don wancan ɗayan.

A hanya 'Yar Inno ta ce, "Umma, gari duka ba mai ci, ni kaɗai zan zauna da kwano kamar jaririya? Yara ma suna yin rabin yini."

Juma'a, 25 ga Sha'aban, bayan la'asar

Malam ya tsaya wurin liman bayan an sauko. Da ya dawo ya ce ta sa hijabi ta raka shi gona. Bai taɓa ba. Na leƙa ta zaure na hango su a kan bakin kanal, shi a gaba da hannu a baya, ita a baya, can kuma suka jera.

Ban san me suka ce ba. Da na tambaye shi ya ce, "Na gaya mata abin da liman ya ce, wanda ya yi azumi ya ce mara lafiya ya ci, umarni ɗaya ne daga wuri ɗaya. Saura kuma tsakanina da ita ne." Sai ya ƙara, kamar da kansa yake, "Ni na saya mata dabino."

Ta dawo da tumatir a gefen hijabi, manya, jajaye. Ta zuba mini a faranti ta ce Baba ya ce ita ta zaɓa.

Lahadi, 27 ga Sha'aban, da hantsi

Na tarar da rabin biredi a cikin takalminta na makaranta. Na nuna mata. Ta ce, "Jiya ne. Yau ban yi ba." Na ce to. Na yarda da ita, kuma zan ci gaba da duba takalman.

Talata, 29 ga Sha'aban, bayan magariba

An ga wata. Yara suna ta ihu a waje. Ita tana ɗaki.

Laraba, 1 ga Ramadan, bayan azahar

Gari ya yi tsit, ko hayaƙi babu a gidan kowa sai namu. Na ɗora 'yar ƙaramar tukunya, tuwon shinkafa malmala biyu da miyar taushe. Ban taɓa hura wutar rana a watan nan don babba ba. Ina yi ina jin kamar maƙwabta suna leƙe.

Na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Inno na kira ta. Ta fito ta zauna, ta dubi kwanon, ta dubi ƙofar gida. Ta ce, "Ba zan iya ba, Umma. Wallahi ba taurin kai ba ne. Maƙogwarona ya rufe."

Na ce mu jira. Muka jira. Tuwon ya fara yin fata.

Sai labule ya motsa. Inno ta fito da sandarta, ta lallaɓa ta zauna a ɗaya gefen kwanon, ta ce in miƙo mata ruwan wanke hannu.

Na ce, "Inno, azumi fa."

Shekara da shekaru ke nan likitoci suna hana ta saboda gyambon ciki da tsufa. Malam ya yi roƙon duniya ta bari ya riƙa ciyarwa a madadinta, ta ce ita ba za a binne ta da bashin Ramadan ba. Bara sau biyu tana faɗuwa kafin magariba, ta ƙi ko kurɓar ruwa.

Ta ce, "Na ce wa Usaini ya auna hatsin ciyarwar. Allah ya ba ni sauƙi tun tuni, ni ce na ƙi karɓa. Girman kai ne, ba ibada ba." Ta wanke hannu, ta gutsuro loma, ta dubi jikarta. "Ke, ni ban iya ci ni kaɗai ba. Danna rediyonki mu fara."

'Yar Inno ta daɗe tana kallon ta. Lomar tsohuwar tana sama, ba ta kai baki ba, jira take. Sai yarinyar ta ɗaga gefen riga, ta danna, abin ya yi ɗan kukansa. Ta wanke hannu.

Na koma gefe na zauna a kan turmi, da ƙishirwata da komai, ina kallon su. Tsohuwa mai shekara tamanin da yarinya, a tsakiyar ranar farko ta Ramadan, suna cin tuwo, kowace tana satar kallon hannun 'yar'uwarta. Na yi sallar dare a watanni da yawa, ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi irin haka ba.

Ba su cinye ba. Sun kusa. Can 'Yar Inno ta tsaya da loma a hannu, ta ɓata fuska. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, muryar ta dawo.

Ta ce, "Umma, miyar nan ba gishiri."

Inno ta ce, "Ko kaɗan. Na yi shiru ne don kunya."

Da azumi na dafa, ban ɗanɗana ba. Na tashi na shiga madafa ɗauko musu. Na daɗe a ciki, fuskata a jikin bango, har sai da ta ɗaga murya ta ce, "Umma, da yaji!"